Yadda Ake Nemo wa Ɗan Firamare Malamin Lesin na Turanci a Ƙauye

Yaro ɗan aji huɗu ya dawo daga makaranta, aka ce ya ɗauko littafinsa ya biya. Ya ɗora yatsa a layin farko ya kama zuba Turanci ba gargada, uwar tana bakin murhu tana murmushi. Sai yayansa ya sa tafin hannu ya rufe shafin, ya bar kalma ɗaya tak a fili, ya ce, "To wannan fa?" Yaro ya yi tsuru-tsuru. Abin da ya zuba ɗazu hadda ce. A bakin malami ya ji, ya riƙe kamar waƙa, amma baƙaƙen da ke kan takardar bai san su ba.

Da yawa daga yaran da ake nema wa malamin lesin a ƙauyukan Kano da Jigawa, nan ciwonsu yake. A aji huɗu ya fi bayyana, domin tsarin da aka daɗe ana bi a baya a firamaren gwamnati shi ne a koyar da yaro da harshen gida daga aji ɗaya zuwa uku, daga aji huɗu Turanci ya karɓi ragama. Littafin lissafi da Turanci, na kimiyya da Turanci, jarrabawar fita aji shida ma haka. Wanda ya iso nan bai iya haɗa baƙi ba, duk darussan ne za su kuɓuce masa tare. Saboda haka malamin da za ku nema shi ne wanda ya iya koya wa ɗan Bahaushe karatu tun daga tushe. Iya zuba Turanci a majalisa wani abu ne daban, kuma sau tari shi ke ruɗar iyaye.

Ku fara gwada yaron

Kafin ku yi wa kowane malami magana, ku san inda ɗanku ya tsaya. Aji ba ya nuna wannan, don da shekara ake ciyar da yara gaba. Gwajin bai fi minti goma ba. Ku samu wani mai karatun boko wanda ba shi zai yi lesin ɗin ba, ko da ɗan sakandaren gidanku ne, sai bayan kwali da biro.

A fara da Hausa. A rubuta jimla ɗaya da bai taɓa gani ba, kamar "Audu ya kai akuya kasuwa ya sayo gishiri." Idan ya karanta, alhamdu lillahi, an ci rabin aiki, domin ya riga ya gane cewa kowane baƙi sauti yake ɗauke da shi. Idan ya kasa, to daga Hausa za a faro, kuma kada wannan ya ɓata muku rai. Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasulanta biyar ne, yaro kuma ya san ma'anar abin da ya haɗa, shi ya sa yake saurin kama dabarar. A Turanci wahala biyu ce ke haɗe masa lokaci guda, ga koyon haɗa baƙi ga baƙon harshe.

Sannan a rubuta haruffa goma a hargitse, m, d, s, o, t, haka dai. Kada a jera su daga A, waƙar ABCD kowa ya iya ta. Ya wuce nan, a ba shi kalmomi goma masu haruffa uku, irin su "sat", "pin", "top", "bag", "red", "mud". Ya samu takwas daga ciki, a rubuta masa gajerun jimloli huɗu. Ya tsallake su, a buɗe wani shafi na littafin ajinsu da ba a kai gare shi ba, ya karanta rabi, a rufe littafin a tambaye shi da Hausa: wa aka ambata, me ya faru? Duk inda ya tsaya a rubuta a takarda da kwanan wata, a adana. Da ita za ku auna aikin malami nan gaba.

A wannan zaman ku sa ido a kan abin da ba malamin da zai iya gyarawa. Yana kai takarda har bakin hanci, ko yana ƙanƙance ido? Sai an maimaita masa magana, ko kunnensa na fitar da ruwa? Wannan aikin asibiti ne, a kai shi tukuna. Haka nan yaron da kiwo ko talla ke cinye masa kwana uku na makaranta a mako, lesin na awa biyu ba zai cike masa gurbin ba. Ku fara gyara zuwansa makaranta kafin ku fitar da kuɗi.

Inda ake samun malami

Ku fara da hedimastan makarantar garinku. Yadda za ku yi tambayar yana da muhimmanci: "Ranka ya daɗe, Sani ne ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba. Cikin malamanka ko waɗanda ka sani, wa ya fi iya hannu da ƙananan yara?" In kuka ce wa ya fi iya Turanci, za a nuna muku mai manyan takardu, wanda wataƙila bai taɓa zama da ɗan shekara bakwai ba.

Ga yaron da ya tsaya a haruffa ko kalmomi, babu kamar malamin aji ɗaya ko biyu da aka kai bita a kan koyar da karatu ta hanyar sauti, abin da malamai ke kira foniks. An horar da malaman gwamnati da dama a kan tsarin Jolly Phonics, kuma hedimasta ya san wanda ya je cikin nasa. Bayansu sai masu NCE da ke gida suna jiran ɗaukar aiki. NCE ita ce mafi ƙarancin takardar da aka yarda a koyar da ita a Najeriya, kuma kwalejin ilimi ta Gumel, da ta tarayya da ke Bichi, da Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso sun yaye 'ya'yan ƙauyuka masu yawa. Ku tambayi abin da mutum ya karanta. Wanda ya yi ilimin firamare, wato PES a bakinsu, ko haɗin Hausa da Turanci, shi ya fi dacewa da wannan aiki.

Kada ku manta da tsofaffin malamai masu Gired Tu, wato takardar koyarwa ta da, da suka yi ritaya. A ganinmu su ne dukiyar da aka fi yin sakaci da ita a ƙauye. Sun shekara talatin suna fama da yara, suna da haƙuri, suna zaune a garin ba inda za su, kuma da yawansu za su yi murna da ɗan abin da zai shigo. Akwai kuma matan aure masu NCE da ke zaune a gida. Maza ba su cika sanin da su ba, amma matan Islamiyya sun san su ɗaya bayan ɗaya, don haka wannan cigiyar ta uwa ce. Ga yarinya, malama mace a tsakar gidanta ita ce zaɓin farko.

Mai bautar ƙasa da aka turo makarantar garinku yana iya zama da Turanci mai kyau, sai dai sau da yawa ba ya jin Hausa, kuma shekara ɗaya ce tasa, wani ma ya riga ya cinye rabi. Ya dace da ɗan aji biyar ko shida da ya riga ya iya karatu, yake buƙatar wanda zai riƙa yi masa magana. Ga mai fara haɗa baƙi kuwa, za su yi ta kallon juna ne. Ɗan unguwa da ya gama sakandare, amfaninsa ya zauna ya saurari karatun yaro, kada a ɗora masa aza tushe.

Malamin ajinsu fa? In shi kaɗai ke akwai, a yi da shi, amma da sanin hedimasta, kuma ba a cikin lokacin makaranta ba. Illarsa ita ce shi ke koyarwa, shi ke ba da maki. Sakamako zai iya yin kyau a kati alhali yaro yana nan inda yake, don haka kada ku dogara da katin.

Bincike

Wanda za ku damƙa wa ɗanku, a bincike shi kamar yadda ake binciken aure. Ku tambayi mutum uku da ba danginsa ba: limami ko mai unguwa, wani malami abokin aikinsa, da gidan da ya taɓa koyarwa. Yana cika lokaci? Yana da saurin hannu? Ya taɓa barin wata makaranta, kuma me ya fitar da shi? An taɓa jin wata magana tsakaninsa da yara? Idan wanda kuka tambaya ya yi jim ya ce "to, Allah dai ya kyauta," kun samu amsa. Ku nemi ganin takardarsa da idonku, ba abin kunya ba ne, in kuma yana da rajistar hukumar malamai ta TRCN ƙari ne. Amma shaidar da ta fi kowace takarda ita ce yaron da ya taɓa koyarwa. A miƙa masa shafin da bai sani ba a ji.

Darasin gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku ce wa malamin ya zo ya yi darasi ɗaya na minti talatin zuwa arba'in, ku biya shi ladan ranar, uba ko uwa ko wani babba ya zauna daga gefe har a tashi. Ko ba ku jin Turanci ko kalma ɗaya, abin da ake nema ido na ganinsa.

Duba ta inda ya fara. Malamin kirki ba ya buɗe littafi sai ya ɗan gwada yaron ya ga inda ya tsaya, kamar yadda kuka yi. Sannan duba bakin wa ya fi motsi. In malami ne ke ta zuba, yaro na gyaɗa kai, lacca ake yi. Ya kamata a ji muryar yaron a aƙalla rabin lokacin, shi kaɗai, yana nuna baƙi da yatsa. Duba kuma abin da yake yi in yaro ya yi kuskure. Wani zai faɗa masa amsar nan take don a wuce, wani zai daka tsawa. Wanda kuke so shi ne zai ce, "Sake dubawa, Sani, mene ne sautin farko?" ya jira shi. In ya cinye lokacin yana cika allo da rubutu yaro na kwafa, ko yana ta duba waya, ku gode masa ku sallame shi.

Bayan darasin ku yi masa tambaya ɗaya: "Malam, yaron da ya san ABCD da ka amma bai iya haɗawa ba, ta ina za ka faro masa?" Amsar da ake so ita ce ta sauti. Sunan harafi daban, sautinsa daban. Yaro zai yi ta cewa "si, e, ti" har gobe, waɗannan sunaye ba za su taɓa haɗuwa su ba shi "cat" ba, sai ya san sautin da kowanne ke bayarwa. Tsarin Jolly Phonics ya kasa sautukan Turanci 42 gida bakwai, shida-shida, kuma ba daga A yake farawa ba. Da s, a, t, i, p, n ake farawa, domin da waɗannan shida kaɗai yaro zai haɗa "sit", "tap", "pan", "ant" da kansa tun a makon biyu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hikimar: ba a kai yaro ga sura sai ya bi ta babbaƙu da farfaru. Malamin da ya ce "ai da yawan maimaitawa zai riƙe," hadda zai ƙara masa a kan hadda.

Akwai wuraren da harshen Bahaushe ke tuntuɓe a Turanci, kuma malamin da ya dace ya san su tun kafin a faɗa masa. Haruffan p, q, v, x babu su a bokon Hausa. Shi ya sa "pan" da "fan" ke zame wa yaro abu ɗaya, "van" ta koma "ban". Wannan kuna iya gwada malamin a kai da ido kawai. Ku ce ya faɗi kalmomin nan huɗu, ku kalli bakinsa. A p da b leɓɓa biyu ke haɗuwa su buɗe. A f da v haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. A "th" kuwa, kamar a "think", kan harshe ne ke leƙowa tsakanin haƙora. In bakinsa iri ɗaya yake yi a duka, haka zai koya wa ɗanku, kuma kuskuren zai bi shi har cikin rubutu. Ba a ce sai ya yi magana kamar mutumin Ingila ba, ba wanda ke neman wannan. A dai ji bambancin.

Yaron da ya iya karatun Hausa yana da nasa tarkon. Harafin c a wurinsa na "ciki" ne, don haka da shi zai karanta "cat". Zai raba "make" gida biyu ya ce ma-ke. Zai cusa wasali a tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu, yadda kakanninmu suka mayar da "bread" burodi. Zai kira mota "she" tun da a Hausa ita ce. Duk waɗannan ba daƙiƙanci ba ne, ƙa'idar harshensa yake bi. Malamin da ke jin Hausa zai ce masa, "A Hausa haka ne, a Turanci ga yadda yake," a wuce wurin cikin minti ɗaya. Wanda ya ce zai hana yaro Hausa a lokacin darasi, har da tara ko bulala, shiru kawai zai koya masa.

Lokaci da wuri

Ɗan ƙauye ba shi da lokaci kamar yadda ake zato: boko da safe har wajen azahar, Islamiyya bayan la'asar, allo da dare ko da asuba, ga ɗiban ruwa, ga ciyawar dabbobi. Kada a cusa lesin da zarar ya dawo daga makaranta, da yunwa da gajiya ga rana tsaka. Kada kuma a yanke masa karatun addini dominsa, rigima ce za ta tashi a gida, kuma lesin ɗin ne zai mutu. Ƙofar da ke buɗe ita ce Alhamis da Juma'a, ranakun hutun allo da Islamiyya. A sa darasi bayan la'asar a waɗannan biyun, a ƙara ɗaya ranar Asabar ko Lahadi a lokacin da Islamiyyarsu ba ta ci ba. Kwana uku a mako ya isa. Ɗan shekara shida zuwa takwas minti talatin, wanda ya haura haka minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Abin da ya wuce nan zaman banza ne, hankalin yaro ya riga ya tafi.

Ku duba ranar kasuwarku. Mutumin yankin Wudil ya san Juma'a ba tasa ba ce, na Maigatari Alhamis, na Dambatta Lahadi. In yaro ko malami na cin kasuwa, a kauce wa ranar tun farko. Haka damina: shi ma malamin manomi ne, lokacin shuka da noman fari da maimai za a yi fashi. Ku yi maganar tun kafin ruwa ya sauka, ko a rage zuwa kwana biyu, ko a sauya lokaci. Da azumi a mayar da shi safiya.

Tun da kwana uku ne kawai a mako, sauran huɗun yaro zai manta in an bar shi. Maganin minti goma ne kullum. Ya ɗauko katunan haruffansa ko shafin da aka ba shi ya biya wa uwarsa bayan magariba, da 'yar fitilar sola. Ko ba ta jin abin da yake faɗa, ta ce ya nuna da yatsa, sannan ya gaya mata ma'anar da Hausa.

Wurin zama kuwa babu sassauci a kansa. Zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ko inuwar darbejiyar ƙofar gida, ko tsakar gida in malama ce. Inda babba zai iya gani a kowane lokaci. Ba ɗakin malami, ba ɗaki a rufe, ba aike, ba duka, ko yaro namiji ne ko mace, ko malamin ɗan'uwa ne. Ku faɗi wannan a gabansa ranar farko, mutumin kirki ba zai ji haushi ba. Ku gaya wa yaron shi ma, duk abin da bai gane masa ba ya faɗa, ba za a dake shi ba. Malamin da ya fara neman keɓewa da yaro, ko yana ba shi kyauta a ɓoye, a raba su a ranar, ba sai an jira hujja ba.

Maganar kuɗi

Babu tsayayyen farashi, kowane gari da nasa, kuma yana tashi da tashin kaya. Ku tambayi gida biyu ko uku da suke yi. Abin da ke ɗaga shi nisa ne, wato kuɗin acaba ko man babur, da yawan kwanaki, da yawan yara. A yi ciniki a kan wata, darasi 12, a biya a ƙarshen wata ko rabi a tsakiya rabi a ƙarshe. Kada a biya kuɗin zango guda a dunƙule. A ajiye ɗan littafi a zaure, duk ranar da aka yi darasi malami ya rubuta kwanan wata da abin da aka yi. Ranar da shi ya yi fashi ya rama, ranar da ku kuka aiki yaro wani wuri ta shiga lissafi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida uku ko huɗu su haɗa yaransu, kuɗin ya yi sauƙi, malami kuma ya samu abin da zai riƙe shi. A ce an daidaita a kan naira 12,000 a wata, yara huɗu, kowane gida 3,000 ke nan. Sharaɗin shi ne yaran su zama matakinsu ɗaya a gwajin nan na kwali, ko da ajinsu ya bambanta, kuma kada su wuce biyar. In aka haɗa mai karanta labari da wanda bai san haruffa ba, ɗaya zai gaji da jira, ɗaya zai koma bin baki. A kuma naɗa mutum ɗaya mai tara kuɗin, kada malami ya zama mai bin gida-gida.

In da hatsi za a biya bayan kaka, a faɗi irinsa da yawan tiya tun yanzu, don farashin kaka ba na bazara ba ne, kuma a nan ake saɓawa. Duk abin da aka yanke a rubuta a rabin takarda, da boko ko da ajami, a gaban shaidu biyu. Sannan ku biya a kan lokaci. Ba abin da ke korar malamin kirki kamar "ka dawo jibi." Ko ƙaninku ne ya ce zai yi don Allah, ku yanka masa wani abu tsayayye, domin aikin kyauta ba a iya yi masa gyara, ranar da ya ga dama ya zo.

Kayan aiki ba su da yawa: ɗan baƙin allo na falanki da alli, littafin rubutu biyu, fensir, kwalayen da za a yanka a yi katunan haruffa, da littafin Turanci na ajinsu. In wani zai shiga Kano, ya biya shagunan littattafai na Sabon Gari ya samo ƙananan littattafan labari masu manyan baƙaƙe guda uku ko huɗu, ko da kwance ne. Darasin minti arba'in da biyar kuma ga yadda ya kamata ya kasu: biyar na bitar na jiya, goma na sabon sauti, goma na haɗa kalmomi da shifta, goma yaro ya karanta da kansa, goma na hira da Turanci a kan abin da ke gabansa, akuya da rijiya da kwanon tuwo.

Yadda za ku san ana ci gaba

Duk bayan mako huɗu a sake gwajin kwali, da sababbin kalmomi, kuma wani ne zai yi shi ba malamin ba. Ga wanda ya fara karanta jimla, a duba agogon waya, a ba shi minti ɗaya a shafin da bai sani ba, a ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai, a rubuta adadin a ƙarƙashin na watan jiya. Lissafin sautukan ma a fili yake: sabon sauti ɗaya a kowane darasi, uku a mako, 42 za su ci mako 14. In aka haɗa da bita da fashi, a ba shi zango biyu. Amma tun a wata na biyu ya kamata yaron da ya zo da sanin haruffa ya riƙa haɗa kalma mai haruffa uku da bai taɓa gani ba. Wanda ya yi muku alkawarin ɗanku zai iya Turanci a wata ɗaya, kuɗinku yake so.

In gwaji biyu a jere ba a motsa ba, ku bi abin daki-daki kafin ku ɗora wa malami laifi. Buɗe littafin zaure: darasi nawa aka yi a cikin 24? Ana minti goman dare? An duba ido da kunne? In duk waɗannan lafiya lau, to daga wurinsa ne. Alamomin sukan nuna tun kafin nan. Littafin yaro ya cika da rubutu mai kyau wanda shi kansa ba ya iya karantawa. Ya haddace ma'anar "noun" da "verb" amma ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa da Turanci. Aikin gidan makaranta ya zama shi ne lesin ɗin gaba ɗaya, malami na faɗa yaro na rubutawa. Malami ya fara turo ƙaninsa a madadinsa. Ko kuma yaro ya riƙa ɓuya ko ciwon ciki duk ranar darasi, wannan kam a zaunar da shi a tambaye shi a hankali, uwa ta fi iya wannan.

Iyayen 'yan aji shida sukan zo a makare, saura wata biyu jarrabawar shiga sakandare, suna neman wanda zai yi wa yaro tsofaffin tambayoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin tambayoyi suna amfanar wanda ya iya karanta tambayar ne. In bai iya ba, ko saura mako shida, a koma kan sauti, domin da shi zai zauna a ajin sakandare. Lokacin da ya fi dacewa a nemi malami shi ne aji biyu ko uku, kafin littattafai su juye.

In rabuwa ta kama, a yi ta da mutunci, gari ɗaya kuke, gobe a masallaci za ku haɗu. A biya shi cif har ranar ƙarshe, a bi ta hannun wanda ya haɗa ku, a kuma roƙe shi ya rubuta sautukan da aka yi da shafin da aka tsaya, don wanda zai karɓa kada ya koma farko. In kuma abin ya yi kyau, ranar da yaro ya ɗauki littafin ajinsu ya karanta shafin da ba a biya masa ba, ya rufe ya ba ku labarin da Hausa, a rage darasin zuwa sau ɗaya a mako. Kuɗin kwana biyun da suka ragu a saya masa littattafan labari da su, ya riƙa karanta wa ƙannensa.